Kafin Ka Ce Ba Ka da Halin Tashi: Yadda Za Ka San Ainihin Rabonka a Gidanka na Kaduna

Kawuna ya yi ritaya daga aikin gwamnati, yana zaune a gidan da ya gina a Badarawa tun ina firamare. Gida ne irin na da: zaure, ɗakuna huɗu a jere, ciki da falo ɗaya, da tsakar gida mai faɗi da mangwaro a tsakiya. 'Ya'ya sun watse, gwiwa ta fara ciwo, babban ɗansa da ke Zariya kuma kullum roƙonsa yake ya dawo kusa da shi. Duk sanda aka ɗauko maganar amsarsa ɗaya ce: "Da wane kuɗin? Wannan tsohon gidan nawa zai yi?" Ranar da na matsa masa ya faɗi nawa yake ganin zai yi, sai ya ambaci wani adadi. Na ce, "Kawu, ina ka samo wannan lissafin?" Ya ce ai haka aka sayar da gidan maƙwabcinsa. Na ce yaushe? Ya yi shiru yana ƙirge da yatsu, can ya ce shekarar da jirgin ƙasan Abuja ya fara aiki. Wato 2016.

Irin Kawu suna da yawa a garin nan, kuma abin yana damuna. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami. Mutum yana zaune a kan dukiyar da za ta iya sauya masa rayuwa, amma adadin da ke kansa na shekara takwas ko goma da suka wuce ne. Illar kuwa iri biyu ce. Wani ya haƙura ya ci gaba da zama inda bai dace da shi ba, gida ya yi masa girma ko ya yi masa kaɗan, ko wurin aiki ya yi nisa, don yana ganin ba shi da halin motsi. Wani kuma larura ta taso, dillali ya ambaci kuɗin da ya ninka abin da yake tsammani, murna ta sa ya ce "na sallama" tun bai tambayi kowa ba, alhali an saye shi ne da rabin kuɗi.

Abin da wannan jagorar za ta taimaka maka ka fitar shi ne tsabar rabonka a gidan: kuɗin da zai yi a kasuwar yau, bayan an cire duk bashin da ke wuyansa da duk abin da cinikin kansa zai ci. Wannan adadin, ba kuɗin da ka kashe wajen gini ba, shi ne zai gaya maka ko za ka iya tashi, kuma zuwa ina.

Me ya tsufar da lissafinka

A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a cikin 2024. Buhun simintin da bai kai dubu uku ba a 2019 ya tsallake dubu goma a wasu wurare a farkon 2024, kuma rodi da kwano da tayil da wayar wuta duk sun bi sahu. Saboda haka ginin da ke tsaye, ko ya tsufa, ba wanda zai iya ɗora irinsa da kuɗin da ka kashe.

Garin ma ya sauya a ƙarƙashin ƙafarka. Tashar jirgin ƙasa ta ɗaga Rigasa da hanyoyin da ke kaiwa gare ta. Aikin sabunta birni da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna da dama, ya kawo sabuwar gadar Kawo da gadar ƙasa ta Leventis. Layin da da sai ka nannaɗe wando in an yi ruwa, yau kwalta ce da kwalbati, kuma gidan da ke bakinsa ya zama wurin shaguna. Akwai kuma waɗanda suka sayi gidajensu ko suka yi musaya bayan rikicin 2000 da na 2002, lokacin da mutane ke sayarwa cikin gaggawa don su tsallaka kogi. Wanda ya saya a wancan farashin na tsoro, tun daga tushe bai taɓa sanin kuɗin gidansa na gaskiya ba.

Ba kowane gida ne ya tashi haka ba. Wanda ke kwarin da kogin Kaduna ke shiga in ya cika, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta, ko a gefen garin da matsalar tsaro ta kori mutane, zai iya tarar da labarin dabam. Shi ma gara ya sani da wuri.

Mataki na farko: fito da takardu

Ba a fafa gora ranar tafiya. Kafin ka yi wa kowane dillali magana, buɗe akwatin nan ka shimfiɗa abin da ke ciki. Me kake riƙe da shi? Takardar shaidar mallaka da kowa ke kira C of O, ko takardar ba da fili ta gwamnati, ko ta ƙaramar hukuma, ko kuwa takardar ciniki ce kawai mai sa hannun mai unguwa da shaidu? Sunan wa ke jiki, naka ko na wanda ya sayar maka, ko na mahaifinka da ya rasu?

Tambayar tana da nauyi, domin gida biyu a layi ɗaya, gini iri ɗaya, kuɗinsu kan bambanta sosai saboda takarda kawai. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, abin da kake da shi haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99 ga gidan zama, kuma mayar da shi ga wani yana buƙatar amincewar gwamna. A Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye tun da aka kafa ta da dokar 2015, ita ke sabunta tsofaffin takardu da fitar da sababbi. Mai saye da ke da kuɗi sosai, ko wanda banki zai biya masa, can zai fara zuwa ya bincika fayil. In bai tarar da kai ba, ko dai ya janye ko ya karya farashi.

Don haka je ka da kanka ka tambayi halin da fayil ɗinka yake ciki, nawa kuɗin ƙasa, wato harajin fili na shekara-shekara, ya taru a kanka, me ake bukata in za ka gyara takardar. Nemo kuma izinin gini na KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, in kana da shi. Shawarata ita ce, in ba gaggawa kake yi ba, ka gyara takarda kafin ka kai gidan kasuwa. Abin da za ka kashe yawanci bai kai abin da mai saye zai zaftare maka da sunan "ai ba C of O" ba.

Mataki na biyu: nemo farashin yau

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi cutar mutane, don haka zan daɗe a kai.

Fara da raba abu biyu a ranka: ƙasa dabam, gini dabam. Kawu yana kallon tsagewar bango da silin da ya yi taswirar ruwa, yana cewa gidan ya mutu. Mai saye kuwa ba bangon yake kallo ba. Yana auna faɗin filin da taku, yana duban nisansa da titi, yana lissafin gidajen haya nawa zai fitar in ya rushe. A tsofaffin unguwannin cikin gari irin su Unguwar Rimi, Malali, Unguwar Sarki, Unguwar Dosa da Badarawa, inda fili ya ƙare, sau da yawa ƙasar ce ke ɗauke da mafi yawan kuɗin. Saboda haka ka san girman filinka da ƙafa, ba da "babba ne" ba. In takarda ba ta nuna ba, kira mai safiyo ya auna. Filin da ya wuce ƙafa 50 da 100 da aka saba yankawa, ko wanda ke kan kwana da fuska biyu, kuɗinsa dabam ne.

Sai ka nemi gidajen da aka sayar kusa da kai cikin wata shida zuwa shekara. Ka lura, waɗanda aka sayar, ba waɗanda aka sa wa kuɗi ba. A Facebook da zaurukan WhatsApp na dillalai za ka ga gida an rubuta masa kuɗi mai tsoratarwa, ya shekara biyu ba wanda ya taya. Wannan buri ne, ba farashi ba. Farashi shi ne abin da aka biya aka karɓi makulli. Masu sanin wannan su ne mai unguwa da ya sa hannu, shaidun ciniki, limamin da aka kai wa sadaka bayan an gama, da lauyan da ya rubuta takarda. Nemi aƙalla guda uku, ka rubuta girman filin kowanne, irin takardarsa, da watan da aka sayar.

Daga nan ka ji ta bakin dillalai, amma da dabara. Kada ka tsaya ga na layinku shi kaɗai. Nemi uku waɗanda ba majalisarsu ɗaya ba, kuma kada ka fara faɗin adadi. Zai ce maka, "Alhaji, kai nawa ka sa masa?" Ka ce kai ma tambaya kake yi. Wanda ya fara ambaton kuɗi cikin rashin sani shi ke faɗuwa. Wata dabarar da ta yi mana aiki a kan gidan Kawu: na je wurin wani dillali a matsayin mai neman saye, na ce ina son tsohon gida mai faɗin fili a Badarawa, nawa zan tanada? Adadin da ya faɗa mini ya kusa ninka wanda wani ya faɗa wa Kawu a matsayin mai sayarwa a satin nan. Tsakanin waɗannan adadi biyu gaskiyar take. Ba ina cewa duk dillali macuci ba ne, akwai masu amana da yawa kuma ba a ciniki sai da su. Amma wanda ke cin la'ada ya fi son cinikin da zai faɗa yau a kan wanda zai jira wata huɗu, wasu kuma kan karɓa a hannunka da arha su ɗora nasu a kai kafin su kai wa mai saye.

Akwai ma'auni biyu na gefe da za su taimaka. Ɗaya kuɗin haya: nawa gida irin naka ke kawowa a shekara a unguwar, kuma nawa waɗancan da aka sayar suke kawowa? In hayarku ɗaya amma ana taya naka rabin nasu, da magana. Na biyu, kira birkilan da ka yarda da shi ya ƙiyasta maka abin da za a kashe a ɗora irin ginin yau, daga tushe zuwa fenti, sannan ka rage saboda tsufa. Rijiyar burtsatse, katanga, sola da mitar wuta duk su shiga lissafi.

In gidan babba ne, ko na gado ne da ake jayayya a kai, ko banki zai shigo ciki, biya ƙwararren mai ƙiyasta kadara wanda ke da rajista da hukumar ESVARBON mai yi wa masu wannan sana'a rajista, ɗan ƙungiyarsu ta NIESV, ya rubuta maka rahoto da hatiminsa. Kuɗin aikinsa kaɗan ne in aka gwada da abin da ke kan faifai, kuma shi ba la'ada yake jira ba. Ka gaya masa ƙarara farashin kasuwa kake so, domin rahoton da ake yi wa banki kan ƙunshi wani adadi na ƙasa, na sayarwar dole, kada ka ɗauke shi a matsayin kuɗin gidanka.

In ka tara duk wannan, ba adadi ɗaya za ka samu ba, za ka sami na ƙasa da na sama. Yi lissafinka da wanda ya fi kusa da na ƙasa.

Mataki na uku: cire abin da ba naka ba

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗauki takarda ka rubuta duk wanda ke da haƙƙi a gidan nan, har wanda kake jin nauyin tunawa.

Ga misali, kuma lambobin na misali ne kawai. A ce bincike ya nuna gidanka zai yi miliyan 40. Akwai ragowar bashin asusun gidaje na NHF miliyan 2.3. Akwai na ƙungiyar adashin ma'aikata dubu 900. Yayarka ta ba ka dubu 600 lokacin rufin kwano. Kuɗin ƙasa da na wuta da na ruwa da suka taru dubu 400. La'adar dillali, in kun tsaya a kashi 5 cikin 100, miliyan 2. Lauya da zirga-zirgar takardu dubu 800. Jimla miliyan 7, ya rage maka 33. Wanda ke ɗauke da tsohon lissafin miliyan 15 a kansa, da ya cire basussukan nan sai ya ga abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, ya ce tashi ba nasa ba ne. Alhali ninki ukun abin da ya ga ya rage yake zaune a kai.

Dubi yadda abin ke faruwa ga ma'aikacin da ya ci bashin gida. Bashin NHF da FMBN, bankin lamunin gidaje na gwamnatin tarayya, ke bayarwa ruwansa kashi 6 cikin 100 ne, ana biya har tsawon shekara 30. Bashin a naira yake, yana raguwa duk wata da aka cire daga albashi, gidan kuwa yana hawa. Rabonka yana ƙaruwa ta fuska biyu ba tare da ka lura ba, domin kai abin da kake gani shi ne cirewar da ake yi a takardar albashi. Je bankin da ya ba ka bashin ka nemi a rubuta maka ainihin abin da ya rage in za ka biya yau, da yadda za a sako maka takardarka da ke hannunsu.

Kuɗin 'yan'uwa kuma a warware shi tun yanzu. Abin da Yaya ta bayar, rance ne ko haɗin gwiwa? In rance ne, abin da aka karɓa ake mayarwa, sai dai kyautatawa daga gare ka, wadda ni ina ganin ta dace ƙwarai ganin yadda naira ta lalace. In kuwa an yi da ita cewa tana da kaso a gidan, to kasonta ya hau tare da gidan. Na ga zumuncin shekara arba'in ya tsinke a kan wannan tambayar, don ba a yi ta ba sai da kuɗi suka shigo.

Gidan gado hukuncinsa ya fi tsauri. Zamanka a ciki shekara ashirin, ko gyaran da ka yi, bai mayar da shi naka ba. Rabonka shi ne abin da shari'a ta ba ka bayan an fitar da na kowa, har tumunin takaba na matar mamaci. Kuma in gidan ba a raba ba, ka sayar da kasonka ga bare, abokan tarayyarka suna da haƙƙin shuf'a, wato su karɓa a kan kuɗin da aka saya. Tara magada, a kira malami ko a je kotu, a rubuta, kowa ya sa hannu. Ke ma Hajiya da aka bar miki gida da marayu, kada wani ya zo da sunan taimako ya sa miki farashi a zaure. Ki nemi naki binciken ta hannun wanda kika amince da shi.

Game da haraji, dokokin harajin ƙasar nan sun sauya daga watan Janairun 2026, don haka tambayi lauyanka abin da ya hau kan mai sayarwa da abin da ya hau kan mai saye kafin ku tsayar da magana.

Mataki na huɗu: auna shi da inda za ka

Miliyan 33 tana da daɗin ji, amma kada ta ruɗe ka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Tsadar da ta ɗaga gidanka ta ɗaga wanda kake son saya. In za ka sayar a Unguwar Dosa ka sayi irinsa a Unguwar Dosa, ba abin da ka ƙaru da shi, hasarar la'ada da kuɗin takarda ma ka yi. Ribar tana fitowa ne daga bambanci: daga unguwa mai tsada zuwa mai sauƙi, daga babban fili zuwa ƙarami, daga Kaduna zuwa garin da ƙasa ba ta kai nan kuɗi ba. Wanda zai koma Abuja kuwa ya shirya ganin kuɗinsa sun ƙanƙance.

Saboda haka duk wahalar da ka sha wajen gano farashin naka, ka sha irinta a kan wancan, kuma a cikin wata guda, kada ka gwada farashin bana da na bara. Sa'an nan ka ɗora abin da ba a faɗa a wurin ciniki. Mai saye ne galibi ke ɗaukar kuɗin neman amincewar gwamna da rajista da hatimi, yanzu kuwa kai ne mai sayen. Gida a Rigachikun ko Millennium City ko bayan Mando zai iya zo maka da sauƙi, amma tambayi ruwa: akwai rijiya ko sai ka haƙa? Unguwar tana da taransifoma ko ana karo-karo? Nawa ake biyan 'yan sintiri a wata? Ina makarantar yara, ina asibiti in dare ya yi? Litar man da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 ta haura dubu a ƙarshen 2024, don haka nisan da da ba a lissafa shi, yanzu yana iya cinye ribar tashin gaba ɗaya a cikin 'yan shekaru.

Gani ya kori ji. Je unguwar da daddare, ka je ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi. In da hali ka ga gidan a watan Agusta, lokacin da rufi da kwata da hanya ba sa iya ƙarya. Zauna da mutanen masallacin layin ka tambaye su batun tsaro, ba dillali ba. In gida ya yi arha fiye da kima a gefen gari, akwai dalili, kuma gara ka ji dalilin kafin ka biya. Shi ma wannan gidan a bincika fayil ɗinsa a KADGIS, a tabbatar ba filin makaranta ko na hanya ko na gwamnati aka ci ba. Mutanen Kaduna sun ga rusau da idonsu, ba sai an ba su labari ba.

Mataki na biyar: sayarwa ba ita kaɗai ce hanya ba

Da ka san rabonka, ƙofofi kan buɗe. Akwai musaya da ciko, wadda aka daɗe ana yi a garin nan: ka ba da naka ka karɓi ƙarami da kuɗi a kai, amma a ƙiyasta kowane gida dabam kafin a yi maganar ciko. Akwai ba da naka haya ka kama haya a inda za ka, ka gwada wurin shekara guda, gidanka na nan yana hawa. Ga wanda aka yi wa canjin wurin aiki, ko wanda bai tabbatar zai iya zaman sabon wurin ba, wannan na fi so. Mai babban fili zai iya yanke gefe ya sayar, ko ya fitar da shaguna in yana bakin titi, bayan ya nemi izini.

Jinginar da gida a banki don a sayi wani kuwa, ina tsoronta. Ruwan bankunan kasuwanci ya haura kashi 25 cikin 100 a 'yan shekarun nan, ga kuma matsalar riba ga Musulmi. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna da nasu tsarin, sai dai a nan ma gidanka ne jingina, in biya ya gagara shi zai tafi. Ma'aikaci mai asusun fansho ya sani cewa tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta yarda a yi amfani da har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun a matsayin kuɗin somin bashin gida, wanda zai iya cike giɓi ba tare da an taɓa tsohon gidan ba.

Mataki na shida: jera cinikin yadda ba za ka kwana a waje ba

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne a sayar, a riƙe kuɗi, sannan a fara neman gida. Naira ba ta jira. Wata shida da kuɗi a asusu, ga farashi na gudu, ga 'yan'uwa da larurori sun ji ƙamshi, sai ka tarar abin da ya rage ba zai sayi rabin abin da ka sayar ba. In ma suka shekara a hannunka zakka ta hau kansu, alhali gidan da kake zaune a ciki babu zakka a kansa. Don haka nemo inda za ka tukuna, ku daidaita farashi, a gama bincike, sannan ka sallama naka, cinikin biyu su bi juna cikin kwanaki.

Tsayar da la'ada da dillali tun farko, a rubuce: kashi nawa, wa zai biya, kuma dillalai nawa ne a cikin cinikin, don kada ranar biya mutum shida su bayyana kowa na cewa shi ya kawo mai saye. Ka zauna da mai sayen ido da ido ka ji adadin daga bakinsa. In an ba da kafin alƙalami, a rubuta ranar cikawa da abin da zai faru in ba a cika ba. Biya kashi-kashi na tsawon watanni ka guje shi, sai in an ƙara kuɗin kuma takardunka na asali suna hannunka har a gama.

Kuɗi ta banki, ba a buhu ba. Kada ka yarda da saƙon waya kawai, shiga bankin ka tabbatar sun zauna kafin ka miƙa takarda ko makulli. Lauyanka ya zama naka, ba na mai saye ba. A sa a cikin yarjejeniya wa'adin da za ka tashi, wata biyu ko uku, domin da zarar an biya gidan ba naka ba ne, zaman alfarma kake yi. In akwai 'yan haya, a sanar da su da wuri. Ɗan hayar shekara galibi wa'adin wata shida doka ta ba shi kafin ya tashi, sai in yarjejeniyarku ta faɗi wani abu dabam, kuma ragowar kuɗin hayarsa ko dai ka mayar masa ko a cire wa mai saye. Maganar kuɗin kuma ta tsaya tsakaninka da waɗanda dole su sani. Halin da ake ciki bai bar wurin shela ba.

Kawu bai sayar nan take ba. Wata bakwai muka yi, huɗu daga ciki a kan takarda, domin sunan wanda ya sayar masa da filin ne a jiki. Ya ce "albarka" ga tayi biyu, abin da da ba zai iya ba. Da na ukun ya zo, ɗansa ya riga ya samo masa gida mai ɗaki uku a Zariya, layi biyu tsakaninsa da nasa, an bincika an daidaita. Ya biya, ya gyara banɗaki yadda gwiwarsa za ta iya, ya sa sola, ragowar ya sayi shago biyu da ke kawo masa haya a kan fansho. Ranar tashi, bayan motar kaya ta wuce, ya bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, ya kai wa mai unguwa kwafin takardar ciniki, sannan ya sa jikansa ya hau mangwaron ya tsinko masa cikin leda kafin ya miƙa makulli.